Natchez a Mota: Fara da Kogi, Ƙare da Gidajen Attajirai

Natchez ƙaramin gari ne a jihar Misisipi da ke kudancin Amurka. Mutanensa ba su cika dubu 15 ba a ƙidayar 2020, kuma a kan wani dogon tudu yake zaune yana leƙen kogin Misisipi. Takardun talla da ake raba wa baƙi kusan duk hoto ɗaya suke ɗauke da shi: fararen gidaje masu dogayen ginshiƙai, da lambuna, da mata cikin manyan bujen zamanin da. Shi ya sa yawancin masu zuwa, da sun ajiye mota sai su yanki tikitin gidaje uku ko huɗu, su wuni suna kallon madubai da kujeru da tangaran, la'asar na yi su kama hanya. Wanda ya yi haka kayan ɗaki kawai ya gani. Shawarata a juya tsarin: a fara da bakin kogi, a bi ta tsohuwar kasuwar bayi, gidajen su zo a ƙarshe. Ta wannan hanya dukiyar ta biyo kafin ta zama gini, kuma wanda ya bi sawunta zai shiga kowane falo yana sane da abin da ya biya kuɗinsa.

Mota dole ce. Jirgin ƙasa na fasinja ba ya bi ta garin, wuraren gani kuma a warwatse suke, wasu a tsakiyar gari wasu can bayansa. Mafi sauƙi ka ɗauki hayar mota a filin jirgin saman New Orleans, ka bi babbar hanya zuwa Baton Rouge, daga nan ka hau hanya mai lamba 61 ka miƙe arewa. Tafiyar kamar awa uku ce in ba tsaye-tsaye, wajen kilomita 280. Wanda ya taso daga Jackson, babban birnin jihar, awa biyu ta ishe shi. Masu ba da haya za su nemi lasisin tuƙi da katin banki mai ɗauke da sunanka, kuma wanda bai kai shekara 25 ba sukan yi masa ƙarin kuɗi. Ka yanki lasisin ƙasa da ƙasa tun daga gida ka haɗa da naka na asali, kuma kada ka yi rowar kuɗin inshora.

Hannun dama suke bi, don haka direban da ya saba da titin Kano ko Maraɗi ba zai rikice ba. Allunan hanya da mil suke lissafi, mai kuma da galan ake sayar da shi, kai ne za ka zuba da hannunka bayan ka biya. A mahaɗar da kowane ɓangare ke da jan allon tsayawa, wanda ya riga isowa shi ke fara wucewa, kuma tsayawar ta gaskiya ce, sai taya ta daina juyawa. Idan motar 'yan makaranta mai launin ɗorawa ta tsaya ta kunna jajayen fitilu, kowa tsayawa yake, har mai zuwa daga gaba in dai ba a raba titin biyu ba. In ɗan sanda ya kunna maka fitila daga baya, ka gangara dama, ka kashe mota, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari ka jira shi ya iso. Kada ka fito ka tarye shi da gaisuwa, kada ka cusa hannu aljihu sai ya ce ka ɗauko takarda, maganar na goro kuwa ko da wasa kada ta fito daga bakinka.

Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne Maris da Afrilu, ko Oktoba da Nuwamba. Daga Yuni zuwa Satumba zafi ne mai gumi, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya tun hantsi, ga sauro. Kwana biyu a garin sun wadatar. Kwana ɗaya ma zai yi, amma da gudu-gudu. Otal ka kama tun da wuri idan zuwanka ya dace da bikin buɗe tsofaffin gidaje na bazara ko bikin tashin balan-balan na Oktoba, don ɗakunan garin ba su da yawa.

To, ka iso. Ka nufi titin Broadway, ka ajiye mota, ka taka zuwa bakin tudun. Tsayinsa daga ruwa ya kai mita 60. A ƙasa kogin ne, faffaɗa, ruwansa launin ƙasa, jiragen tura kaya suna tafe a hankali da jerin manyan kwale-kwalen ƙarfe a gabansu. Ta hagu tagwayen gadoji ne da suka haɗa garin da Vidalia. Ka dubi tsallaken da kyau: ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya har iyakar ganinka, jihar Luwiziyana ke nan. Da yawa daga gandayen audugar attajiran Natchez a can suke, a cikin fadama, inda zazzaɓi da ambaliya suke. Masu gandun kuwa nan bisa tudu suka yi gidajensu, inda iska ke kaɗawa. Wannan kallo ɗaya ya isa ya warware maka abin da ke ruɗa baƙi da yawa, masu shiga manyan gidajen suna waige-waigen ina gonakin suke.

A kan wannan tudu Faransawa suka kafa sansanin da suka kira Fort Rosalie a 1716, shekara biyu kafin a kafa New Orleans. Wurin ya koma hannun Ingila a 1763, Sifaniya ta ƙwace shi a 1779, ita ce ma ta tsara titunan tsakiyar garin a miƙe kamar yadda suke yau, sannan Amurka ta karɓa a 1798. Filin sansanin yana nan kusa, ciyawa ce da alluna, minti goma sun ishe shi.

Daga nan ka gangara titin Silver da ƙafa zuwa unguwar da ake kira Under-the-Hill, wato tsohuwar tashar jiragen ruwa. A da unguwa ce mai tituna da yawa, ta yi ƙaurin suna wajen caca da giya da faɗan wuƙa, amma kogi ya cinye ta sai layi ɗaya na tsofaffin gine-ginen bulo. Nan manoman Kentucky da Ohio suke sauke kayan da suka gangaro da su a kwale-kwalen katako. Da yake kwale-kwalen ba ya iya komawa gaba da ruwa, sai su farfasa shi su sayar da katakon, su koma gida da ƙafa. Jirgi mai tururi na farko ya iso a ƙarshen 1811, daga nan harkar ta sauya. A ranar 7 ga Mayu 1840 mahaukaciyar guguwa ta bi ta kan kogin ta kashe mutum 317, mafi yawansu a cikin jirage, kuma ana kyautata zaton ba a sa bayin da suka mutu a gandaye cikin lissafin ba.

A wannan gaɓa ya kamata mai karatun Hausa ya ɗan dakata, don a nan aka sauke Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori a 1788. Bafulatani ne, ɗan Almamin Futa Jalon, a ƙasar Gini ta yau, ya yi karatun addini, yana rubutu da Larabci, kuma jagoran mayaƙa ne a rundunar mahaifinsa. A hanyar dawowa daga wani yaƙi aka yi musu kwanton ɓauna, aka sayar da shi ga Turawa, jirgi ya bi da shi ta tsibirin Dominika da New Orleans har nan. Wani matashin manomi, Thomas Foster, ya saye shi. Da ya yi ƙoƙarin bayyana cewa shi ɗan sarki ne kuma za a fanshe shi, sai "ɗan sarki" ya zama sunan da ake kiransa da shi a gandu. Ya gudu daji na 'yan makonni, ya ga babu inda za shi, ya dawo. Ya auri wata baiwa mai suna Isabella, suka haifi 'ya'ya tara, kuma saninsa na noma da kiwo da iya riƙe mutane na cikin abin da ya ɗaga Foster ya zama mai arziki.

A 1807, yana sayar da kayan lambu a kasuwa kusa da Natchez, sai wani likita ɗan Ailan mai ido ɗaya, John Cox, ya tsaya ya ƙura masa ido. Shekaru da yawa kafin nan Cox ya ɓace a cikin ƙasar Futa yana fama da ciwo, mahaifin Abdurrahman ya sauke shi a garinsu Timbo aka yi jinyarsa har ya warke. Suka gane juna. Cox ya yi ta tayin fansarsa har ya mutu, Foster ya ƙi. Sai a 1826 wani mai gidan jarida, Andrew Marschalk, ya aika da wata takarda da Abdurrahman ya rubuta da Larabci zuwa birnin Washington. Hukuma ta ɗauka mutumin Maroko ne, takardar ta kai ga Sarkin Maroko, maganar ta dawo ta hannun sakataren harkokin waje Henry Clay da shugaba John Quincy Adams. A 1828 Foster ya sake shi, bisa sharaɗin ya bar ƙasar. Mutanen gari suka yi karo-karo na dala 200 aka fanshi Isabella. Daga wannan tasha suka shiga jirgi, shekara 40 bayan saukarsa, 'ya'yansu na tsaye a baya cikin bauta. Ya zaga biranen arewa yana neman kuɗin fansarsu, kuɗin bai kai ba. Ya isa Monrobiya a 1829, ya rasu a can cikin watan Yuli yana da kimanin shekara 67, bai sake ganin Timbo ba. Shekara guda bayan haka wasu daga 'ya'yansa da jikokinsa suka samu isa Laberiya, sauran suka rage a Misisipi. Wanda ke son labarin dalla-dalla ya nemi littafin Terry Alford, Prince Among Slaves, na 1977, ya karanta tun kafin ya taso. Kada kuma tausayi ya rufe mana ido: Futa ɗin da ya fito ita ma tana sayar da kamammun yaƙi ga jiragen bakin teku, kamar yadda ƙasarmu ta san gandu da rinji. Dubban da aka sauke a wannan gaɓa ba 'ya'yan sarki ba ne, ba wanda ya rubuta wa wani sarki takarda a kansu.

Ka hau tudu ka ɗauki mota, ka bi titin St. Catherine zuwa gabas. Tafiyar kamar mil ɗaya ce zuwa inda hanyoyi suka rabu, wurin da ake kira Forks of the Road. In ba ka lura ba sai ka wuce shi, don ɗan fili ne mai kusurwa uku a tsakanin tituna, ga shaguna ga motoci na wucewa. Nan ce kasuwar bayi ta biyu mafi girma a can ƙuryar kudu, bayan ta New Orleans. Dalilin girmanta a fili yake. An ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793, auduga ta zama abin neman kuɗi, sannan a 1808 doka ta hana shigo da bayi daga Afirka. Sai fatauci ya koma na cikin gida: ana sayen mutane a Virginia da Maryland inda taba ta gajiyar da ƙasa, ana kawo su inda ake sare daji don auduga. Kamfanin Isaac Franklin da John Armfield ne ya fi kowa girma a harkar. Armfield yana tara mutane a Alexandria, Franklin yana sayarwa a nan. Wasu ta teku ake kawo su, wasu kuwa da ƙafa, maza a ɗaure bibbiyu a jikin doguwar sarƙa, mata da yara na biye, tafiyar sama da mil 1,000. A 1833, lokacin annobar kwalara, aka gano gawarwakin bayi da aka yasar a wani kwazazzabo, hukumar gari ta kori dillalan daga cikin gari, su kuma suka koma daidai bakin iyaka suka kafa. Ba gwanjo ake yi a nan ba. Ana yi wa mutane wanka, a sa musu sababbin tufafi, a jera su, mai saye ya zo ya dudduba ya taya, a yi ciniki.

Abin da za ka gani a ƙasa shi ne wani ɗan dandamalin siminti da aka binne mari da sarƙoƙi a cikinsa, rabi a ciki rabi a waje, sun yi tsatsa. Ka tsuguna ka dubi faɗin zoben, ka gwada da idon sawunka. Ka karanta allunan duka, ba su da yawa. Ciniki ya tsaya a 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, da sojojin arewa suka shigo garin, kuma baƙaƙen sojoji, waɗanda wasunsu bayi ne jiya-jiya, su suka rushe rumfunan aka yi amfani da katakon wajen gina bariki. Sai a 2021 filin ya shiga hannun hukumar kula da wuraren tarihi ta tarayya. Ba a biyan ko sisi, kuma sau da yawa za ka tarar kai kaɗai ne a wurin.

A kan hanyar komowa, a titin St. Catherine ɗin dai, akwai ɗan gidan tunawa da gobarar Rhythm Club. Ranar 23 ga Afrilu 1940 baƙaƙen fata sun cika wani zauren rawa na kwano, an ƙawata rufin da busasshiyar ciyawar nan da ke reto a rassan itatuwan yankin, an kuma toshe tagogi da katako don hana masu shiga ba tikiti. Wuta ta kama, ƙofa ɗaya ce, mutum 209 suka mutu. Da wuya ka sami tsohon gidan baƙar fata a garin da abin bai taɓa ba. Daga nan ka shiga tsakiyar gari. Gidan tarihin baƙaƙen fata yana titin Main a tsohon gidan waya, inda za ka ji labarin Hiram Revels, limamin cocin Zion Chapel da ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawan Amurka a 1870, da na marubuci Richard Wright da aka haifa a kusa da garin a 1908, da na Wharlest Jackson da aka dasa wa bam a mota a 1967 bayan an ba shi wani matsayi a masana'anta da a da sai farar fata.

Gidan William Johnson a titin State shi ne wurin da na fi so a kai wanda yake ganin ya riga ya gane komai. An haifi Johnson bawa, aka 'yanta shi yana yaro a 1820, ya koyi aski, ya buɗe shaguna, ya sayi filaye, har fararen fata yana ba su rance. Shi kansa kuma ya mallaki bayi fiye da goma, yana hukunta su, yana rubutawa. Daga 1835 zuwa 1851 kusan kullum sai ya rubuta abin da ya faru a gari: faɗa, farashi, tseren doki, wanda ya ci bashi bai biya ba. A 1851 wani maƙwabcinsa, Baylor Winn, ya harbe shi a kan rikicin iyakar gona. Waɗanda suka ga abin baƙaƙe ne, doka kuma ba ta karɓar shaidar baƙi a kan fari, sai shari'ar ta koma gardamar ko Winn fari ne ko ba fari ba, a ƙarshe aka sake shi. Littafin ya daɗe a kwance a gidan kafin a buga shi a 1951. Shiga kyauta ne, amma ka duba ranakun buɗewa tukuna.

Yanzu ka isa shiga gidajen. Biyu sun isa, na uku ƙari ne. Ka fara da Melrose, wanda lauya John McMurran ya gina a shekarun 1840, don ma'aikatan gwamnatin tarayya ne ke zagayawa da baƙi kuma ba sa tsallake maganar bayi. A ɗakin cin abinci ka ɗaga kai: wani ƙaton mafici na katako ne rataye bisa teburin, da igiya da ta bi ta gefe zuwa kusurwar ɗaki. Yaro bawa ke tsayawa a can yana ja har a gama ci, ba da ƙarfi ba don kada kyandir ya mutu. In an fito, kada ka bi ayari zuwa mota. Ka zaga baya ka ga madafa da ɗakunan masu aikin gida da ƙararrawar da ake kiransu da ita, sannan ka taka zuwa ɗakunan katako na bayi da ke can gefe.

Na biyu Longwood. Haller Nutt, mai gandayen auduga, ya ɗauko mai zanen gini Samuel Sloan daga Philadelphia ya zana masa gida mai kusurwa takwas, hawa shida, ɗaki 32, da ƙubba a sama irin ta gine-ginen gabas. Bayi suka buga bulon a nan harabar. An fara aiki gadan-gadan a 1860, yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, magina 'yan arewa suka ajiye kayan aiki suka tafi gida. Ɗakuna tara na ƙasa kawai aka gama, iyalin suka tare a ciki da niyyar kafin yaƙi ya lafa. Nutt ya mutu a 1864, zuriyarsa suka ci gaba da zama a ƙasan nan shekara da shekaru, kango na bisa kansu. Za a fara nuna maka ƙasan, da gadaje da hotuna, babu abin mamaki. Sai an hau bene. Daga waje ka ga gida kammalalle, a ciki kuwa jan bulo ne tsirara, ba shafe, ba silin, katakai sun gicciye juna hawa bayan hawa har cikin ƙubbar, haske na zubowa ta tagogin sama. Ga gwangwanayen fenti da suka bushe, ga akwatunan da aka yo odar kaya a ciki, ga ramukan bango da aka bari don gumakan ado da ba su taɓa isowa ba. Ka tsaya a tsakiya ka ɗaga kai, kada ka bar mai bayani ya hanzarta ka.

Stanton Hall na 1857, wanda ya cinye unguwa guda a tsakiyar gari, da Rosalie na 1823 da sojojin arewa suka mai da hedikwata, ana iya wadatuwa da ganinsu daga waje in lokaci ya ƙure. Ƙungiyoyin matan gari ne suka ceci yawancin gidajen nan. A 1932, lokacin da tattalin arziki ya karye, suka fara buɗe su ga baƙi don kuɗi, kuma shekaru da dama labarin da ake bayarwa na fitilu ne da labule. Abin ya fara sauyawa, amma ya danganta da wanda ya zagaya da kai. Matambayi ba ya ɓata: ka tambaya cikin ladabi mutum nawa ne bayi a gidan, ina suke kwana, ina gandun yake, ko an san sunayensu. Wani mai bayanin zai saki jiki ya gaya maka abin da ba ya cikin haddarsa, wani zai ce ma'aikata ne ya wuce. Kada ka ja gardama, ka dai lura da wanda ya amsa da wanda ya kauce. Yawanci a farkon kowace awa ake shiga rukuni-rukuni, wasu gidajen kuma ba a yarda da ɗaukar hoto a ciki ba.

Abinci sai an yi hattara. Idonka zai ga na gida, wake mai baƙin hanci da kuɓewa da shinkafa da ganye, waɗanda asalin wasunsu daga Afirka ne, sai dai a nan da naman alade ake ɗanɗana tukunya. Ganyen da ka ɗauka lafiyayye ne da ƙashin alade aka dafa shi, waken ma haka, miyar gumbo akwai tsiren alade a ciki, wani burodin ma da kitsensa ake kwaɓawa. Tambayar ko akwai alade ba ta isa ba, don mai kawo abinci zai iya cewa babu alhali yana nufin babu tsoka. Ka ambaci ham da bacon da sausage da lard ɗaya bayan ɗaya. Mafita ita ce tarwaɗa da aka soya da garin masara, wadda jihar ta shahara da kiwonta, ka dai tambayi man da aka soya ta da shi. Shayinsu mai sanyi ne da ƙanƙara, sukari kamar ba gobe. Ana barin wa mai hidima kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abinci, wannan ba alfarma ba ce, da shi yake rayuwa. Ranar Lahadi wurare da yawa a rufe suke, sauran ranaku ma gari na kwanciya da wuri. Salla kuwa ka riƙe darduma da gorar ruwa a mota, ka kuma tuna alƙibla a nan arewa maso gabas take, ba gabas sak da ka saba ba.

Da yamma, in da sauran ƙarfi, maƙabartar gari da aka buɗe a 1822 tana arewa a kan tudu. Akwai kabarin wata yarinya, Florence Ford, da ta rasu a 1871, wanda mahaifiyarta ta sa aka gina matakala zuwa ƙasa ta wajen kanta don ta riƙa sauka tana zama kusa da ita idan ana tsawa. Daga nan ka koma Broadway kafin rana ta faɗi ta tsallaken kogi.

Ranar tafiya ka ba asalin masu ƙasar safiyarka. Grand Village, a kudancin gari, shi ne babban wurin ibadar ƙabilar Natchez, wadda sarkinta ake kira Babbar Rana kuma ɗan 'yar'uwarsa ke gadonsa. A 1729 kwamandan Faransawa ya nemi su tashi daga wani ƙauyensu don ya yi gona, suka far wa sansanin Fort Rosalie suka kashe sama da mutum 200. Faransa ta rama tare da taimakon ƙabilar Choctaw, kafin 1731 ta ƙare an tarwatsa su, an sayar da ɗaruruwa bayi zuwa ƙasar da yau ake kira Haiti. Abin da ya rage tuddan ƙasa ne da aka tara da hannu da ɗan gidan tarihi. Ka tsaya kan hanyar da aka share, don jajayen tururuwan wurin cizonsu ba wasa ba ne.

Sannan ka cika tanki, ka sayi ruwa da abin taɓawa, ka sauke taswira a wayarka, ka hau Natchez Trace Parkway. Ita ce hanyar da ta bi sawun tsohuwar turbar da masu kwale-kwale ke komawa gida a kai, wadda kuma aka koro bayi ta kanta zuwa kudu. Tsawonta mil 444 har kusa da Nashville. Babu manyan motocin kaya, babu allunan talla, babu gidan mai a bakinta sai ka sauka cikin gari, waya ma takan ɗauke. Gudu a mafi yawanta mil 50 ne a awa, wato kilomita 80, kuma ana kamawa. Ƙananan turaku a gefen hanya suna nuna mil nawa ka yi daga Natchez, da su ake gane wurare. Wajen mil na 10 ka ratse zuwa Emerald Mound, tudun ibada da kakannin Natchez suka tara da kwanduna, faɗinsa eka takwas, na biyu a girma a irinsa a duk Amurka. Ka hau, ba wuya. A mil 15.5 akwai Mount Locust, tsohon masaukin matafiya tun wajen 1780, da maƙabartar bayi a bayansa. A mil 41.5 ka tsaya a Sunken Trace ka shiga da ƙafa: ƙasar yankin mai laushi ce, sawun mutane da kofaton dawaki da ƙafar keken shanu suka cinye ta har turbar ta nutse ta fi tsayin mutum, kamar tsohon burtali da damina ta daɗe tana zaizaya, saiwoyin itatuwa a waje ta kowane gefe.

Kusa da nan garin Port Gibson yake, mai cocin da aka kafa wa hannun zinariya a ƙololuwa yana nuna sama, kuma daga garin wata 'yar hanya ke kai wa ga Windsor, inda ginshiƙai 23 ke tsaye a daji, ragowar wani katafaren gida da aka gama a 1861 ya ƙone a 1890. A Port Gibson za ka zaɓa. Hanya ta 61 tana kai ka Vicksburg, inda faɗuwar garin ranar 4 ga Yuli 1863 ta ba sojojin arewa ikon kogin. In ka zauna kan Trace kuwa za ka fita a Jackson, inda akwai gidan tarihin gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata da aka buɗe a 2017, da gidan tarihin al'adun Musulmi da aka kafa a 2001, wanda ya yi suna da baje kolin rubuce-rubucen Timbuktu. Ko wacce ka ɗauka, ka sauka daga Trace kafin magariba, don ba ta da fitilu kuma lokacin ne barewa ke faɗowa titi. In ranar Juma'a ce, ka bar Natchez da sassafe ka rage tsaye-tsaye, don ka riski masallaci a Jackson.